Allo na Uku

Mutumin ya zo daga Saminaka da moton injinsa a bayan a-kori-kura, an naɗe shi da buhu. Karo na uku ke nan cikin wata huɗu da boris ɗin moton ke cinyewa. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin rumfata a Panteka ya yi sallama, muka gaisa, sannan ya ce, "Malam, ni dai shanu biyu na sayar na sayi injin nan. Don Allah ka duba mini, ko moton ne jabu." Injin niƙan masara ne da abincin kaji, irin mai guduma a ciki. Ni na haɗa masa shi. Ni na yanka ƙarafan gadon da moton ke zama a kai, ni na yi waldarsu da hannuna. Moton kuwa lafiyarsa ƙalau, na san haka tun ba a sauke shi ba.

Na ce ya koma ya ɗauko gadon shi ma. Da aka kawo, na kira abokina wanda rumfarsa ke manne da tawa. A hannun maigida ɗaya muka koyi walda, a kwano ɗaya muke cin abincin rana, kuma shekara goma sha wani abu ban taɓa nuna masa aiki ya kushe ba, shi ma bai taɓa nuna mini na kushe ba. Ya ɗora lebur ta tsawo, ya ɗora ta faɗi, ya durƙusa ya kanne ido ɗaya ya hangi ƙarfen. Ya ce, "Wannan ai ya miƙe sak. Ƙura ce ke shiga boris ɗin, ko kuma yaransa ba sa sa giris." Na ji sanyi a raina, don abin da nake so in ji ke nan.

A layinmu akwai wani dattijo da ba shi da rumfa. Yakan zo ya zauna a benci, in aiki ya gagara a kira shi. Ya yi shekaru yana gyaran injuna a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, tun zamanin da ma'aikata ke cika titi da kekuna in an tashi aiki, har aka zo ana rufe masaƙun ɗaya bayan ɗaya. Baba muke ce masa. Ranar nan ya taso daga bencinsa, ya sa muka mayar da moton kan gadon, muka ɗaure notuna huɗun tamau. Ko kallon lebur ɗin bai yi ba. Ya karɓi sifana ya sassauta noti ɗaya, ya duba, ya mayar ya ɗaure. Haka na biyu. Da ya sassauta na uku sai muka ji ɗan ƙas, ƙafar moton ta ɗaga. Ya zaro siraran ƙarafan nan masu kama da reza da bakanikai ke saita bawul da su, ya riƙa cusawa a ƙarƙashin ƙafar yana ƙara kauri, har ya kai kashi 8 cikin 10 na milimita. Ya ce a masaƙa, in giɓin ya wuce kashi 5 cikin 100 na milimita, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, ba a kunna injin sai an gyara.

"Ɗana, duwatsun murhu nawa ne?"

Na ce uku.

"Ka taɓa ganin tukunya tana rawa a kan murhu? Uku ko yaya suke, abu zai zauna a kansu. Na huɗun ne ke tona asiri."

Moto ƙafa huɗu gare shi. Da na ɗaure notin nan na uku da ƙarfin damtse, gadon bai taso ya tarbi ƙafar ba, jikin moton ne ya murɗe ya sauko. Gidajen boris biyu, na gaba da na baya, suka daina kallon juna, ga sanda tana juyawa a tsakaninsu kusan sau 2,900 a minti ɗaya. Baba ya ce, "Noti ya rufe maka giɓin, boris ne ke biya." Sannan ya nemi zaren ɗinki, ya ja ɗaya daga wannan kusurwar gadon zuwa waccan, ya ja wani ya giciye shi. In kusurwoyi huɗun suna kan shimfiɗa ɗaya, zaren biyu za su ɗan shafi juna ne kawai a tsakiya. Namu sai da tsinken ashana ya wuce tsakaninsu.

Yana shirin miƙewa sai ya ɗan kankare fenti a gefen fallen ƙarfen da ƙafar moton ke takawa, ya auna kaurinsa. Milimita 8. Ya ce, "Nawa ka rubuta wa mai injin?" Na ce 12. Bai ƙara cewa komai ba, ya koma bencinsa.

Wanda bai taɓa riƙe kan walda ba yakan ɗauka ɗinki ne, a haɗa baki biyu a bi da zare. Wuta ake zubawa. A daidai inda sandar walda ta taɓa, ƙarfe yakan narke ya zama ruwa, zafin ya haura digiri 1,500, alhali ɗan nesa kaɗan ƙarfen yana nan da sanyinsa. Mai zafin yana son ya buɗe, mai sanyin da ke kewaye da shi ya hana shi, in ya zo hucewa kuma sai ya tsuke ya jawo duk abin da ke maƙale da shi. Mita ɗaya na ƙarfe yana ƙara tsawon kusan kashi 12 cikin 1,000 na milimita a kan kowane digiri ɗaya. Lissafin kamar ba komai ba, amma ka ajiye ƙarfe mai mita biyu a ranar Kaduna ta watan Maris, daga asuba zuwa azahar tsawonsa ya ƙaru da fiye da rabin milimita, balle wutar walda. Shi ya sa ake fara ɗiga walda a kusurwoyi kafin a bi, a yi ta gajere-gajere, a yi nan a tsallaka ɗaya gefen, don jan wannan ya kashe jan wancan. Duk da haka ba a rabuwa da shi ɗungurungum. Wani jan yakan fito fili ka ga ƙarfe ya lanƙwashe. Wani yakan kwanta a ciki shiru, sai ranar da aka fere fuskar ƙarfen, ko injin ya yi wata yana girgiza, sannan ya saki. Manyan masana'antu sukan sa gadon gaba ɗaya a tanderu, a kai shi wajen digiri 600, a riƙe shi haka kimanin awa ɗaya a kan kowane inci na kauri, a bar shi ya huce sannu a hankali. Sai bayan nan a ɗora shi a injin fera, a share mazaunan moto duka a zama ɗaya. A gama da wuta tukuna, sannan a nemi daidaito. Ni kuwa tun kafin walda na gurje fallayena na ga suna sheƙi, ga su sirara, na zagaye su da wuta ba hutawa, na shafe da koren fenti.

Bayan kwana biyu Baba ya ce in same shi gida, in zo da guntun ƙarfen da nake ganin na daidaita shi iyakar iyawata. Daga ƙarƙashin gadonsa ya jawo wani allon ƙarfe na zubi, bai fi faɗin faifai ba, bayansa da haƙarƙari, fuskarsa rufe da tsumma mai mai. A kilo ya saye shi lokacin da ake gwanjon ƙarafan masaƙa. Ya share shi da tafin hannu, ya ce tafin hannu yana jin ƙwayar yashin da tsumma ba ya ji. Ya ɗiga wani shuɗin fenti mai maiƙo wanda ba ya bushewa, ya murza shi har ya zama kamar hayaƙi a fuskar allon. Ya karɓi ƙarfena, wanda na gurza har ina ganin fuskata a ciki, ya kifa shi, ya ɗan motsa gaba da baya, ya ɗaga. Wuri uku kacal shuɗin ya kama, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce, "Santsi daban, shimfiɗa daban. Bayan ƙwarya ma ai santsi gare shi." Ya ɗauko tsohon magagari da ya wasa bakinsa ya mayar makankari, ya kankare wuraren nan uku, ɗan gari kamar toka yana fita. Ya sake kifawa, shuɗin ya kama wuri bakwai. Ya kankare, ya kifa, ya kankare, ya kifa. Har aka kira la'asar muna nan, shuɗin ya bazu ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Ana cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A kan allon nan tudun ƙarfenka ne kaɗai ke fitowa.

Da muka dawo daga masallaci na yi masa tambayar da ta tsaya mini a wuya. "Baba, shi wannan allon da muke gwada komai da shi, da me aka gwada shi? In ka ce da wani allon, shi wancan fa?"

Ya ce in tuna dutsen niƙan kakata. Uwar dutse da ɗanta sun shekara talatin suna gugar juna, babu inda ɗan zai kwanta a samu giɓi, sun dace kamar tare aka halicce su. Amma uwar ta yi kwari, ɗan ya yi tudu. Haka ƙwarya a cikin ƙwarya. Abu biyu in suka daɗe suna guga dole su dace, kuma dacewar tasu ba ta ce komai ba game da miƙewa.

Magabatan wannan sana'a sun ci karo da matsalar nan tun da daɗewa. A farkon ƙarni na 19, a shagon Henry Maudslay da ke Landan, ana yin allunan awo uku-uku. Wani matashi da ya yi aiki a can, Joseph Whitworth, ya koma Manchesta ya buɗe nasa shagon a 1833, kuma a 1840 ya gabatar wa taron masana a Gilasgo bayanin yadda ake samar da shimfiɗa ta gaskiya da makankari. Shi ne mutumin da tsofaffin injunan Ingila ke ɗauke da notunansa, waɗannan da sifanar milimita ba ta kama su daidai. Dabarar ita ce a haɗa na ɗaya da na biyu, na ɗaya da na uku, sannan na biyu da na uku. In na ɗaya tudu ne, na biyu da na uku za su yi kwari su dace da shi. Amma ranar da aka kifa kwari a kan kwari, giɓi ya bayyana a tsakiya. A yi ta zagayawa ana kankarewa har kowanne ya dace da kowanne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu uban gida a cikin ukun. Duka a karkace suka fara, duka kuma sun sha makankari.

Tun daga ranar nan tambayar ta bar kan ƙarfe ta dawo kaina. Da me mutum ke gane cewa a miƙe yake?

Amsar da na rayu da ita shekara da shekaru ita ce abokina. In na rage kaurin ƙarfe na faɗa masa, ya ce, "Kowa haka yake yi, in ka sa 12 a wannan kuɗin da me za ka ci abinci?" In shi ya sayi tsohon moto ya fesa masa fenti, ni ma in ce masa ai mai saye ya gani da idonsa. Ba mugun mutum ba ne, har gobe abokina ne, ranar da mahaifiyata ta rasu shi ya fara shiga kabari. Amma ni da shi uwar dutse ce da ɗanta. Inda na yi kwari ya yi tudu ya cike mini, inda ya yi kwari na cike masa, muka sa wa wannan suna amana.

Akwai kuma wanda ya fi aboki kusa. Sau da yawa za ka ji mutum ya ce, "Ni dai zuciyata ba ta zarge ni ba." Na daɗe ina faɗin haka. Ranar da na fara rage kaurin ƙarfe ban yi barcin kirki ba. A karo na goma ko tunawa ban yi ba. Aikin bai canza ba tsakanin na farko da na goma, zuciyar ce ta gogu da shi har suka dace. Natsuwar da nake ji gaskiya ce, ba ƙarya nake yi wa kowa ba in na ce hankalina kwance yake. Sai dai abin da natsuwar ke shaida shi ne ni da halina mun daina takun saƙa, kuma ɗan dutse ma haka yake kwance lafiya a cikin kwarin uwarsa.

Na kai wannan magana wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan magariba. Na ce, "Allah gafarta Malam, to ai shari'a da shaidu biyu take hukunci." Ya ce haka ne, amma in koma babin shaida a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka riga muka wuce. Ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ko miji ga matarsa, ko wanda zai jawo wa kansa amfani da shaidar, ko abokin husuma a kan abokin husumarsa. Su kansu shaidun sai an samu waɗanda suka tsarkake su a gaban alƙali. Wato malaman fiƙihu sun riga sun san biyun da suka gogu da juna ɗaya ne a wurin lissafi. Na lura kuma an haɗa masoyi da maƙiyi a hukunci ɗaya. Wannan ya hana ni wani kuskuren da na kusa faɗawa, na ɗaukar duk wanda ya kushe ni a matsayin ma'auni. Allo na uku shi ma a karkace yake. Amfaninsa shi ne karkatarsa ba irin tamu ba ce, bai gogu da mu ba.

To ko uku sun wadatar? Na ɗauka haka ne, har Baba ya nuna mini wani abu da fallayen kwali uku. Ya murɗe kowanne iri ɗaya, kusurwa biyu masu kallon juna sama, biyu ƙasa, kamar yadda gadon injina ya yi. Ya kifa na ɗaya a kan na biyu, suka dace. Na biyu a kan na uku, suka dace. Na ɗaya a kan na uku ma haka. Duka ukun a murɗe, duka sun yarda da juna. Sai ya ɗaga ɗaya ya juya shi rubu'in zagaye, gefen da ke gabas ya koma kudu, ya sake kifawa. Kusurwa biyu suka tokare, biyu suka buɗe baki. Ya ce shi ya sa mai kankarar allo ba ya haɗa su ta fuska ɗaya kullum, dole ya riƙa juyawa.

Wannan ya fi na farkon tsorata ni, don layinmu na gani a ciki. Mu ba biyu ba ne, mun fi talatin. Kowa ya dace da kowa, saboda kullum ta fuska ɗaya muke haɗuwa: mu masu sayarwa ne, wancan mai saye. Ba wanda ya taɓa juya mu ya ajiye mu inda mutumin Saminaka yake tsaye, ya sayar da shanu, mata sun ajiye kwanonin masara a ƙofar injin, injin kuma shiru. Yawan masu yarda da kai ba ya ƙara komai in duk murɗa ɗaya kuka yi.

Duk wanda ya taɓa Sallar Idi a fili ya ga misalin wannan. Kowa yana daidaita kafaɗarsa da ta maƙwabcinsa, kowa da gaskiyarsa, babu wanda ya yi niyyar ɓata sahu. Amma in ka hau tudu ka hango, sai ka ga sahun ya tafi ya lanƙwasa kamar baka. Kowane mutum biyu daidai suke, sahun gaba ɗaya a karkace. Shi ya sa a filin unguwarmu, tun daren Salla, samari ke kafa turaku su ja igiya su bi ta da toka. Igiyar ba ta cikin sahu, kuma ba ruwanta da wanda ya zo da wuri ko wanda ya fi kowa babbar riga.

A azumin shekarar, mai tafsirin masallacinmu ya kai Suratu Hudu, ya zo kan labarin Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da mutanen Madyana masu tauye mudu da sikeli. Na sha jin labarin tun ina yaro, amma a wannan karon abin da ya kama ni shi ne mamakin da suka yi. Gani suke me ya haɗa sallarsa da yadda suke juya dukiyarsu. Gari guda ne da ya dace da kansa, kowa yana tauyewa, kowa ana tauye masa, kasuwa tana ci. Mutum ɗaya da ya zo da awon da ba a kasuwarsu aka sassaƙa shi ba, shi suka ga ya karkace. Can gaba a surar, a aya ta 112, inda aka yi umarni da istiƙama, an ɗaure miƙewar ne da abin da aka umarta, ba a bar wa mutum ko jama'arsa su yanka wa kansu ba. A nan na tsaya, kuma nan nake har yau: mutum ba ya iya zama ma'aunin kansa, jama'a ma ba ta iya zama ma'aunin kanta, sai an ja igiya daga waje.

Sai dai samun ma'auni na gaskiya bai kashe magana ba. Tun 1931 aka yi ittifaƙi a duniya cewa awon tsawo na ƙwarai a zafin digiri 20 ake yinsa, saboda shi kansa ƙarfen awon yana buɗewa yana tsukewa. Dogayen ƙarafan gwada miƙewa akan sa musu mariƙin katako ko roba, don ɗumin tafin hannu kaɗai ya isa ya ɗumama gefe ɗaya ya lanƙwasa su. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau, hannun da ya riƙe shi ne ke da zafi. Na san wannan a jikina. Shekarun da nake rage ƙarfe ban bar salla ba, ban bar zauren karatu ba, har hujja gare ni: ciniki yarda ne, ya gani ya yarda ya biya. Hujjar gaskiya ce, amma a hannuna ta lanƙwashe, don abin da ya yarda da shi 12 ne. Na kuma san labarin da ke cikin Sahihu Muslim, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Na san shi sarai. Ban dai taɓa kifa fallena mai koren fenti a kansa ba, sai da wani dattijo ya kankare fentin ya tambaye ni lamba.

Bayan wannan na shiga wani hali da ya kusa hana ni sana'a. Kowane gado na haɗa sai in ga aibinsa, in kwance, in sake, aikin kwana uku ya kai mako biyu. Baba ne ya tsawata mini. Ya ce babu shimfiɗar da ta cika a duniyar nan. Allonsa ma in aka kai shi inda ake da awon da ya fi nasa, za a ga tudu da kwari. Ruwan da ke kwance a tafki, wanda muke ɗauka iyakar daidaito ke nan, yana bin gantsarewar ƙasa ne, a tsawon kilomita ɗaya tsakiyarsa ta ɗara layin da ya haɗa bakinsa biyu da kusan santimita 2. Shi ya sa kowane zanen injiniya yake zuwa da lamba biyu, abin da ake nufa da kuma iyakar kaucewar da aka yafe. Gadon injin niƙa ba a nema masa abin da ake nema wa gadon injin fera. Da na ba Malam labari, ya ce akwai hadisi a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ya haɗa abu biyun nan a numfashi ɗaya, umarni da miƙewa da kuma sanarwa cewa ba za mu iya cika ta duka ba. Ya ce wanda ya riƙe rabin farko kaɗai waswasi zai cinye shi, wanda ya riƙe na biyu kaɗai kuma ya samu wurin ɓuya.

Giɓi kuwa in ya rage, akwai yadda ake yi da shi a sana'a. A auna shi, a yanko siririn fallen tagulla ko farin ƙarfe mai daidai wannan kauri, a sa a ƙarƙashin ƙafar, sannan a ɗaure. Duk bakaniken da ya kwance moton bayan shekara goma zai ga fallen, ya san a nan mai aikin ya gaza, kuma ya san bai ɓoye ba. Da a ce tun farko na yi haka, da ɗan abin da bai kai kuɗin shayi ba ya tsare boris uku. Abin da ya hana ni shi ne sa fallen yana nufin in yarda gadona bai daidaita ba.

Na sake wa mutumin Saminaka gado sabo da falle mai milimita 12. Na yi waldar gajere-gajere ina tsallakawa, na bar shi ya kwana biyu, na kai wa masu injin fera suka share mazaunan huɗu a zama ɗaya. Ƙafa ɗaya ta rage da kashi 1 cikin 10 na milimita, na sa mata falle. Ni da kaina na bi motar zuwa Saminaka. Da muka gama ɗaurawa na ja shi gefe, na faɗa masa abin da na rubuta da abin da na sa, na miƙa masa bambancin kuɗin ƙarfen da kuɗin boris uku. Ya ƙirga, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Da ba ka faɗa ba, Malam, har in mutu ba zan sani ba." Can kuma ya ce, "Amma masu niƙan da suka koma wurin wancan mutumin na bakin kasuwa, ba duka za su dawo ba." Na ce haka ne. Ba ni da abin da zan miƙa masa a kan wannan.

Ya kira yaronsa ya ce a kawo buhun masara. Aka tayar da injin. Na ɗora kofin ruwa a kan gadon, fuskar ruwan tana ɗan rawa amma bai fantsama ba. Na dafa tafina a gidan boris na gaba, na bar shi nan, gari yana sauka a kan gashin hannuna. Aka niƙe buhun farko, aka ɗora na biyu. Wata tsohuwa ta leƙo da kwanonta a ka, ta tambaya ko injin ya tashi ne, yaron ya ce ta ajiye a layi.